Kayan wankin ciwo na zamani: in zuba jari ko in tsaya a kan auduga da bandeji?

Mai Auduga, Kano:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a wurin ma'aikatan asibiti da kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa.

Sana'ata sarin kayan asibiti ce: auduga, goz, bandeji, filasta, safar hannu, sirinji, aidin, ruwan gishiri na wanke ciwo. Masu kemis na unguwa da ƙananan asibitocin kuɗi su ne masu saye a wurina, akwai masu zuwa daga Jigawa da Katsina. Tun da harkar sarin magani ta bar Sabon Gari ta koma Dangwauro a 2024 nake tunanin ƙara wata haja a kan wadda na saba, don cinikin auduga kowa ya iya shi, ribar kuma ta zama ta kwabo-kwabo.

Babban ɗana ya karanta harhaɗa magunguna, shi ne ya dame ni da wasu rahotanni a waya. Wai kasuwar kayan kula da rauni ta duniya ta haura dala biliyan 20 a shekara, tana kuma ƙaruwa da kamar kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari duk shekara. Ya ce manyan kuɗin ba a audugata da bandejina suke ba, suna cikin kayan zamani: wani mai kama da soso da ake liƙawa a ciwo ya yi kwanaki ba a taɓa shi ba, wani mai azurfa a ciki, wani na zuma, har da inji mai zuƙe ruwan ciwo. Ana cikin haka sai ga wakilin wani kamfani daga Legas, ya ce zai ba ni dillancin irin waɗannan kayan a Arewa, amma sai na ɗauki da yawa, kuma kuɗi hannu. Abin da ya yanka mini ya isa in cika shago da goz da safar hannu har in kai saura sito.

Ni kuwa ina zaune a shago ina ganin yadda ake ciniki. Mutum zai zo da takardar asibiti an rubuta masa goz fakiti biyar, ya ce a ba shi biyu, sauran sai gobe in Allah ya hore. Mai kemis zai sayi naɗin filasta ɗaya ya je yana yankawa yana sayarwa taƙi-taƙi. Mai irin wannan lissafin ne zai sayi faci ɗaya a kan kuɗin da ya kai na wankin kwanaki? Ga shi kayan suna da wa'adi, in suka yi kwantai sai bola.

To don Allah, wannan girman kasuwar da ake faɗa gaskiya ne? Me ke kawo shi? Kuma zai iso nan, ko yaro ne kawai ya ga manyan lambobi ransa ya biya?

Ɗan China:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Su kansu rahotannin nan haja ce, kamfanonin da ke rubuta su da dubban daloli suke sayar da cikakken, abin da ɗanka ya gani kyauta talla ce. Shi ya sa in ka buɗe uku za ka ga alƙaluma uku: wani ya haɗa da zaren ɗinki da filastar yatsa, wani bai haɗa ba. Ban ce ƙarya suke yi ba, kasuwar tana girma. Amma ka sa shi ya nuna maka rabon nahiyoyi. Amurka da Turai ne suka kwashe kaso mafi tsoka, Afirka kuwa yawanci sai an haɗa ta da Gabas ta Tsakiya sannan take samun layi ɗaya a can ƙasa.

Sannan kada ka manta da canji. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. A cikin wannan guguwar ne kamfanin magunguna na GSK ya daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Kayan da aka yi a Turai da kuɗin waje za ka saya, ka zo ka sayar wa mai cin albashin naira.

In gwaji kake so, ba dole sai da sunan Bature ba. A China akwai Winner Medical a Shenzhen, Zhende a Shaoxing, Allmed a lardin Hubei, goz mai tarin yawa da ke yawo a duniya daga irin waɗannan masana'antu yake fitowa, kuma sun daɗe da shiga yin mai soson da 'yan'uwansa. Ko daga ina za ka ɗauka, ka ce a nuna maka rajistar NAFDAC, ka kuma duba kwanan wata a jikin kwali da idonka, kada ka tsaya a na takarda. Akwai dillalan da sai kaya ya kusa mutuwa suke tunawa da Arewa.

Abin da ke ba ni takaici kuma daban ne. A noma auduga a ƙasar Katsina da Zamfara, a gurza ta a Funtuwa da Gusau, amma goz ɗin da za a rufe ciwon manomin sai ya hawo jirgin ruwa. Da ina da jarin, injin saƙa goz zan kafa.

Sista Uwani:

Alhaji ina wuni, ya kasuwa? Ɗan China ya faɗi ta 'yan kasuwa, bari in faɗi ta masu wankin ciwon. Na yi aiki a ɗakin 'yan tiyata a gida kafin in zo Ingila. Yanzu aikina bin gidajen marasa lafiya ne a wani gari a arewacin ƙasar, kuma mafi yawan yinina a kan ciwo yake ƙarewa.

Ɗanka bai yi ƙarya ba. Abu biyu ne manya ke tura kasuwar, tsufa da ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60. Fatar tsoho ba ta da ƙwari, jininsa ba ya gudu kamar da, in ya kwanta jinya kuma gyambon kwanciya na jiransa a ƙugu da dunduniya. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya kuma ta ƙiyasta manya miliyan 589 ne ke da ciwon a 2024, ana hasashen su kai miliyan 853 a 2050. Cikin masu sugan nan, tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu. Ciwon da ke warkewa a mako ɗaya ba shi ke kawo wa kamfani kuɗi ba. Wanda ke cin wata shida ko shekara ana wanki, shi ne kasuwar.

Amma yawan masu ciwo kaɗai ba ya yin kasuwa, sai da mai biya. Bari in nuna maka abin da nake yi kusan kullum. Tsohuwa ce ta haura tamanin, da gyambo a saman idon sawu, irin wanda ke fitowa idan jijiyoyin da ke mayar da jini sama suka gaji. Kafin a ɗaura komai sai an auna ƙarfin jinin ƙafar da wata 'yar na'ura, a gwada shi da na hannu. In jini yana isa ƙafar sosai, sai in wanke, in sa mai soson nan a kan ciwon, in naɗe tun daga tushen yatsu har ƙasan gwiwa da bandeji mai matsewa, hawa-hawa. In ajiye ma'auni a gefen ciwon in ɗauki hoto, in shigar a kwamfuta don mai zuwa bayana ta ga ko ya ragu. Ba za a dawo ba sai bayan kwana uku ko huɗu, in ruwan ya ja baya sai mako-mako. Ita ko kwabo ba ta biya, hukumar lafiya ta NHS ce ke ɗaukar komai.

An yi wani bincike a kan shekarar 2017 zuwa 2018, aka samu NHS ta kula da masu rauni kusan miliyan 3.8, ta kashe fam biliyan 8.3 a kansu. Kaso kaɗan ne na kuɗin ya tafi a kan kayan ɗaurin kansu. Mafi yawa ya tafi ne a kan zuwanmu gida-gida, da ganin likita, da gadon asibiti. Don haka idan kamfani ya zo ya ce facinsa ya ninka goz tsada amma zai mayar da zuwan nas daga kullum zuwa sau biyu a mako, gwamnati riba ta hango. Lokacin nas ake saye da wannan facin. Shi ya sa duk sabon abin da ke fitowa yanzu ya karkata wuri ɗaya: a sallami mutum daga asibiti da wuri, a kula da shi a gida, a rage yawan buɗe ciwon.

A gida abin a juye yake. Ladan mai wankin ciwo bai taka kara ya karya ba, kayan kuma daga aljihun mara lafiya ko ɗan'uwansa suke fita. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihu ake biyansu. Mai biya daga aljihu lissafin yau yake yi, kamar yadda kake gani a shagonka.

Duk da haka ba zan ce maka babu wuri kwata-kwata ba. Ka ɗauki mutumin da ke shigowa Kano daga Bichi ko Wudil kullum don wanki. Kuɗin mota na mutum biyu, shi da mai rakiya, ga kati, ga kayan wanki, ga sana'a an bari. In aka tara masa na mako aka gwada da faci biyu, wani lokaci facin ne ya fi sauƙi. Sai dai wani ne zai zaunar da shi ya yi masa wannan lissafin, kuma ba mai shago ba ne, nas ce ko likita.

Ni abin da ya sa nake son kayan nan su iso gida ba ciniki ba ne. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin wanki ya san yadda ake yi: goz ya kwana ya bushe ya kama nama, ka jiƙa shi da ruwan gishiri ka jira, ka ja a hankali, mara lafiya ya cusa gefen zani a baki. Jan abin nan da ke biyo goz ɗin, sabon naman da jiki ya kwana yana ginawa ne. Sannan a tuttula haidirojin, 'yan'uwa su ga kumfa su ce magani na aiki, alhali yana ƙone sabon naman tare da dattin. Gobe a sake. Tun 1962 wani masani a nan Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu ya nuna raunin da aka rufe ya zauna da 'yar danshinsa ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. A kan wannan binciken aka gina duk masana'antar da ɗanka ke magana. Mu kuwa har gobe "bar shi ya sha iska" ake cewa.

Kayan kuma kowanne da aikinsa. Mai soso, irin su Mepilex na Mölnlycke, Allevyn na Smith & Nephew, Biatain na Coloplast, na ciwo mai zubar ruwa ne. Akwai wanda ake yi da ciyawar teku, yana shan ruwa ya koma kamar kunu, ana cusa shi a ciwo mai rami, Aquacel na Convatec ma kusan aikinsu ɗaya duk da ba da abu ɗaya aka yi su ba. Mai azurfa na ciwon da ƙwayoyin cuta suka kama ne, na ɗan lokaci, ba a dawwama a kansa. Sai mai danƙon nan irin DuoDERM, wanda nake jin tsoron ya faɗa hannun masu kemis. In aka liƙa shi a kan ciwo mai mugunya aka ce a dawo bayan kwana biyar, an rufe cuta a ɗaki ke nan. Ƙara da zafin Kano a watan Afrilu, gumi zai ɗaga gefensa tun kafin kwana biyun. Kuma ba a yanka fakitin a sayar gutsure-gutsure, da zarar an buɗe tsabtarsa ta tafi.

Ƙafar mai suga kuwa, ko da facin zinare ne ba zai warke ba in mutum yana taka ciwon. Sai an ɗauke wa wurin nauyi, an yanke mataccen nama, an saita suga, an duba ko jini na isa. Na ga waɗanda suka sayar da kadara suka sayi kaya masu tsada, mai ciwon yana zuwa kasuwa da silifa, ƙarshenta aka yanke ƙafar.

Da ni ce kai, ba zan ɗauki lodin mutumin Legas ba. Zan fara da na tsakiya: goz mai man farafin irin Jelonet da Bactigras, wanda ba ya kama nama kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mutane ba, da bandeji mai kyau, da ɗan kaɗan na ciyawar teku da mai soso. Kuma ba a kan kanta zan jira mai saye ba. Zan je wurin masu rubuta shi: likitocin gyaran fata da na ƙuna, masu aikin ƙashi irin na Dala, asibitin masu suga, da nas-nas masu zuwa gidajen masu hali suna jinyar tsofaffi. In ba su san kayan suna wurinka ba, ba za su rubuta ba.

Mai Auduga, Kano:

Sista, Allah ya saka da alheri, Allah ya dawo mana da ku lafiya. Na tura wa yaron ya karanta, ya yi shiru tukuna. Ɗan China, maganar kwanan wata ta shiga.

Saura biyu. Na farko zuma. A jerin kayan mutumin nan akwai wata 'yar zuma a bututu kamar na man goge baki, kuɗinta ya fi na kwalba guda ta zumar amya. Mu da muka tashi muka tarar ana sa zuma a miki, kuma Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, me zai sa in sayo ta Bature? Na biyu injin zuƙar nan. Ya ce in sayi biyu in riƙa ba asibitoci haya. Akwai wanda ya taɓa aiki da shi a nan gida?

Likitan Fiɗa:

Alhaji ranka ya daɗe. Maganar zuma akwai abin alfahari a ciki. Ɗaya daga cikin rahotannin da suka dawo da zuma idon likitocin zamani daga Najeriya ya fito. Wani likitan fiɗa a Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa shi a 1988 a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya: marasa lafiya 59 masu raunuka da gyambuna, yawancinsu maganin asibiti ya kasa, ya sa musu zuma, duk suka samu sauƙi sai mutum ɗaya. Mu muka tsaya a nan. Mutanen New Zealand suka ɗauki zumarsu ta itacen manuka, suka auna ƙarfinta, suka kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki da haske na musamman ba tare da dafa ta ba, suka zuba a bututu, a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita da sunan Medihoney. Abin da kake biya a bututun nan awo ne da tsabta da takardar shaida.

Har yanzu muna amfani da zumar gida a asibitoci, kuma tana aiki in ta gaske ce. Matsalar ita ce ta bakin titi, wadda aka dafa sukari aka haɗa, ko aka tace da ruwa a mazubi mai datti. In kana neman inda ɗan kasuwar Arewa zai shiga da ƙafar dama, to nan ne: zuma ta gaskiya daga masu amya, a kai ta awo, a yi mata rajista da mazubi mai kyau. Wannan kuɗin waje bai shafe shi ba.

Injin kuwa na yi aiki da shi. Ana cusa soso a cikin ciwon, a rufe da leda mai liƙewa ta yadda iska ba za ta shiga ba, a jona tiyo, injin ya riƙa zuƙa dare da rana. Yana janye ruwa, yana rage kumburi, yana sa nama ya ciko. Ana canza soson duk bayan kwana biyu zuwa uku. Masana biyu ne a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Argenta da Morykwas, suka ƙirƙiro shi, kamfanin KCI ya fara sayar da shi a 1995. A babban rauni na haɗarin mota ko ciki da ya buɗe bayan tiyata, abin mamaki yake yi. Amma ka sani, ribar masu shi ba a injin take ba, tana cikin soso da leda da gwangwanin tara ruwa da za a yi ta saye. Ranar da waɗannan suka yanke maka, injinka ya zama kayan ado. Ga wuta, batirinsa ba ya kai ka ko'ina in an ɗauke ta yini guda. Shi ya sa da yawa cikinmu muke haɗa namu da injin zuƙa na ɗakin tiyata da soso da aka tsabtace. In za ka yi hayar, ka fara samun likita ɗaya da zai tsaya maka, ka kuma riƙe kayan canji na watanni a hannu.

Don ka ga girman kuɗin da ke yawo a can: kamfanin 3M na Amurka ya sayi kamfanin da ya mallaki KCI a 2019 a kan kusan dala biliyan 6.7, daga baya a 2024 ya ware ɓangaren lafiyarsa ya zama Solventum. A 2023 Coloplast na Denmak ya sayi Kerecis, wani kamfani a Iceland da ke sarrafa fatar kifi a shimfiɗa a kan ciwo, a kan kuɗin da zai iya kai dala biliyan 1.3. Fatar kifi fa, Alhaji. A Fortaleza ta Brazil ma likitoci sun yi amfani da fatar karfasa a kan masu ƙuna, don ita suke da ita a wadace.

Sai dai ba duk girman da ke cikin alƙaluman nan ne na lafiya ba. Inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, Medicare, ta kashe wajen dala miliyan 250 a kan irin wannan fatar aro a 2019. A 2024 kuɗin ya wuce biliyan 10. Gyambunan Amurkawa ba su ninka sau arba'in a shekara biyar ba. Tsarin biyan ne ya bar ƙofa a buɗe, kamfanoni suka riƙa sa farashin da suka ga dama, masu shafawa suna samun kaso. Wasu mata da miji a jihar Arizona sun amsa laifin damfarar sama da dala biliyan ɗaya ta wannan hanya, suna liƙa wa tsofaffi har da waɗanda ke gargarar mutuwa. Daga baya hukumar ta sauya tsarin ta koma farashi ɗaya. Ka gaya wa ɗanka, idan ya ga layi ya miƙe sama a rahoto ya tambaya wa ke biya, kuma a kan wace doka.

Mu namu raunukan ma ba irin nasu ba ne. Namu na matasa ne: babur, ƙunar ruwan zafi da gas, gyambon ƙafa na masu sikila, ɗinkin haihuwa da ya ruɓe, karayar da aka kai wa mai ɗori ya ɗaure tamau har nama ya mutu. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu, waɗanda suka tsira kuma makonni suka yi ana wanki. Abin da irin wannan rana ke cinyewa shi ne ruwan gishiri katan-katan, goz, mai farafin, man ƙuna irin Dermazin, bandeji da safar hannu. Kayanka na yau ke nan, kada ka rena su.

Elhaji na Maraɗi:

Salamu alaikum. Ina biye da ku daga nan Maraɗi. Alhaji, in ka kawo mai farafin ɗin ka yi mini magana, muna bukata. Nan farmasi kayan Faransa suka fi yawa, irin na Urgo, masu kyau ne amma talaka ba ya iyawa. Mu kan sari kompires, wato goz, da bandeji a Kano saboda sefa ta fi naira ƙarfi, sai dai rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin 2023 ya koya mana ajiye kaya.

Abin da Sista ta ce a kan ƙafa gaskiya ne. Kusa da mu akwai asibitin kutare na Danja. Mai kuturta ƙafarsa ba ta jin zafi, kamar mai suga, ƙaya za ta shige shi bai sani ba. Masu aikin irin wannan ciwo za su gaya maka takalmi mai taushin ciki yana cikin magani. Ban ga wanda ya sa takalmi a lissafin kasuwar nan ba, amma ni da za a samu mai yin sa da kyau a Kano, zan ɗauka.

Mai Auduga, Kano:

Na gode ƙwarai jama'a. Na kira mutumin Legas na ce lodin nan ba zan iya ba, in ya yarda ya ba ni kaɗan in sayar in biya, ya kuma turo wanda zai nuna wa nas-nas yadda ake amfani da su. Ya ce zai yi magana da manyansa. Mai farafin zan nema ta hannun Ɗan China. Elhaji, zan neme ka.

Likita, saura ɗaya. In na bi shawarar Sista na shiga kai wa asibitoci kai tsaye, yaya biyansu yake?

Likitan Fiɗa:

A nan sai ka yi taka-tsantsan, Alhaji. Na gwamnati takarda ce za ta bi ofis-ofis, kana iya jiran watanni, canji kuma ba ya jiran kowa. Na kuɗi sun fi saurin biya amma kaɗan-kaɗan suke ɗauka. Abin da na ga ya fi yi wa masu kawo kaya daidai shi ne likita ya rubuta, ɗan'uwan mara lafiya ya zo shago ya saya. In kuwa dole sai ka ba da bashi, ka yanka iyakar da ba za a wuce ba, ka rubuta farashin da ranar biya a takarda, mai kula da sito da akanta duk su sa hannu.